Amanar Sanarwa: Tsakanin Mai Gani, Mai Shela da Mai Jira

Kowace kwamfuta da kowace babbar waya tana da babbar manhajar da ke tafiyar da ita, a tsakiyar wannan manhaja kuma akwai cibiya. Cibiyar ce kaɗai ke taɓa kayan na'ura kai tsaye. Ita ke raba lokacin ƙwaƙwalwa tsakanin ayyuka, ita ke tsare ma'adana, ita ke karɓar duk abin da ya shigo ta eriya ko ta igiyar sadarwa. Sauran manhajoji, kamar burauza da WhatsApp da manhajar banki, a farfajiya suke zaune, ba su isa su kai hannu ga kayan na'ura ba sai sun roƙi cibiya. Ɗaya daga cikin manyan ayyukan cibiya shi ne sanarwa: manhaja ta faɗi abin da take jira, ta kwanta, cibiya ta tashe ta idan abin ya auku.

An daɗe ana tafiya lafiya a kan wannan tsari, domin mai ganin aukuwar abu da mai shelarsa duk cibiya ce. Yanzu kuwa wasu ƙa'idojin sadarwa sun ƙaura zuwa farfajiya, gani ya koma wani hannu, shela ta tsaya a wani. Injiniyoyi suna ta neman yadda za a faɗaɗa tsarin sanarwa domin waɗannan ƙa'idoji su ma su sami bakin magana. A ƙarƙashin aikin nasu akwai tsohuwar tambaya wadda malaman fiƙihu suka jima da tattaunawa, wadda kuma mutanen Magajin Gari da sauran gundumomin Birnin Gwari ta Jihar Kaduna suka sha fama da ita a aikace: wa ya cancanci a karɓi labarinsa, bisa wane sharaɗi, kuma me ya rage a wuyan wanda ya miƙa jiransa ga wani?

Leƙe da jira

Hanya biyu ce ta sanin aukuwar abu. Ko dai mutum ya riƙa zuwa yana leƙawa, ko ya saurari wanda zai sanar da shi. Mai jiran baƙo yana iya zarya tsakanin ɗaki da zaure, yana kuma iya ci gaba da aikinsa har ya ji sallama. Na farko ba zai kuskure baƙon ba, amma yininsa ya tafi. Na biyu ya huta, amma ya dogara da cewa baƙon zai yi sallama kuma kunnensa zai ji.

Tarihin sanarwa a kwamfuta tafiya ce daga leƙe zuwa jira. A 1983 babbar manhajar 4.2BSD ta Jami'ar Kalifoniya da ke Bakili ta zo da umarnin select. Da shi manhaja take miƙa wa cibiya jerin kafofin sadarwar da take jira, cibiya ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta dawo da waɗanda suke da labari. Aibinsa shi ne, a duk kira sai an sake miƙa jerin gaba ɗaya an sake binsa, ga shi kuma a Linux ba ya wuce kafa 1,024 bisa al'ada. Umarnin poll, wanda ya fito daga gidan System V, ya cire wannan iyaka amma bai cire wahalar bin jeri ba. Da intanet ta bunƙasa, uwar garke guda ta fara ɗaukar dubban mutane a lokaci ɗaya, mafi yawansu kuma shiru suke a kowace daƙiƙa. A 1999 Dan Kegel ya bayyana matsalar a fili: yaya na'ura ɗaya za ta riƙe haɗi 10,000 ba tare da ƙarfinta ya ƙare wajen leƙen kafofin da ba su da komai ba?

Amsa ta zo daga wuri biyu. Jonathan Lemon ya rubuta kqueue, wanda ya fito a FreeBSD 4.1 a shekarar 2000, Davide Libenzi kuma ya kawo epoll cikin Linux a 2002. Dabararsu ɗaya ce. Manhaja za ta yi rajistar abin da take jira sau ɗaya, cibiya ta riƙe rajistar, duk kafar da labari ya shigo mata sai a sa ta a layin waɗanda suka shirya. Da manhaja ta farka, wannan gajeren layi kawai za a miƙa mata. Wayoyin Tecno da Infinix da itel masu Android suna kan cibiyar Linux, manhajojinsu kuma da epoll suke jiran taɓawar yatsa da shigowar saƙo. Wayoyin iPhone suna amfani da kqueue. Yawancin lokacin da waya take aljihu, manhajojinta barci suke, abin da ke sa caji ya kai yamma ke nan.

Lokacin da cibiya ta daina gani

Ƙa'idar TCP, wadda aka fitar da bayaninta a 1981, a cikin cibiya take aiki. Cibiya ce ke karɓar ƙunshin bayanai, ta jera su, ta nemi a sake aiko wanda ya ɓace, ta zubar da wanda ya maimaitu. Saboda haka idan ta ce wa manhaja akwai abin karantawa, da saninta take magana.

Sai dai gyaran abin da ke cikin cibiya yana da nawa. Sabuwar dabara sai ta jira masu waya da masu kwamfuta sun sabunta babbar manhaja, abin da kan ɗauki shekaru, wasu wayoyin ma har su mutu ba a sabunta su ba. Na'urorin da ke tsakiyar hanya kuma sun saba da siffar TCP, suna tare duk abin da ya sauya kama. Wannan ne ya sa kamfanin Google ya fara aikin ƙa'idar QUIC a 2012, hukumar IETF mai tsara ƙa'idojin intanet ta tabbatar da ita a watan Mayun 2021, HTTP/3 da ke hawa kanta kuma ya biyo baya a watan Yunin 2022. QUIC tana tafiya ne a kan UDP, hanyar da cibiya ba ta yin komai a cikinta illa karɓa da miƙawa. Jerawa da neman sakewa da auna cunkoso duk sun koma cikin manhajar farfajiya, wadda ake iya sabuntawa cikin makonni. Tun a watan Oktoban 2020 Facebook ya bayyana cewa sama da kashi 75 cikin ɗari na zirga-zirgar bayanansa ta koma kan QUIC.

A nan matsalar sanarwa ta taso. Kusan duk abin da ke cikin ƙunshin QUIC a kulle yake, cibiya ba ta da mabuɗi. Iyakar abin da za ta iya cewa shi ne wani ƙunshi ya iso. Ba ta san ko saƙo ne cikakke ba, ko gutsure ne, ko maimaici, ko shaidar karɓa ce kawai wadda ba ta ɗauke da komai ga mai jira. Haɗi ɗaya na QUIC yana ɗauke da magudanai da yawa, cibiya ba ta san wanne ya samu ruwa ba. Agogon da ke ƙidaya lokacin sake aika abin da ya ɓace shi ma yana hannun farfajiya. Wanda ya san gaskiyar labari ba shi da ikon tada kowa, wanda ke da ikon tashi kuma bai san labarin ba.

Hanyoyin faɗaɗawa

Hanya uku aka bi. Ta farko ita ce a ba farfajiya wata igiya da za ta ja. A Linux akwai eventfd tun 2007: ƙidaya ce kawai a hannun cibiya, mai labari ya ƙara mata lamba, cibiya ta tada duk wanda ya yi rajistar jiranta a epoll. A kqueue akwai matatar EVFILT_USER mai irin wannan aiki. Ta haka ɓangaren manhaja da ke warware QUIC zai iya tada ɓangaren da ke jiran saƙo, a layi ɗaya da sauran sanarwoyi. Kuɗin da ake biya shi ne yawan shiga da fita cibiya, kowace shiga kuma tana cin lokaci.

Ta biyu ita ce a kauce wa cibiya. DPDK, wanda kamfanin Intel ya faro, da netmap na Luigi Rizzo na Jami'ar Pisa a Italiya, suna ba manhaja damar ɗaukar ƙunshi kusan kai tsaye daga katin sadarwa. Masu binciken KAIST a Koriya ta Kudu sun gina mTCP a 2014, suka yi masa nasa tsarin sanarwa mai kama da epoll a farfajiya. Akwai gudu a wannan hanya, amma DPDK komawa leƙe ne: ana ware ƙwaƙwalwa sukutum tana zagaye ba hutu, ko da ƙunshi ko babu. Ga shi kuma manhaja ta wayi gari da masu shela biyu, dole ta san yadda za ta saurari ɗaya ba tare da ta kurumce wa ɗayan ba.

Ta uku ita ce a mayar da wani ɓangare na aikin cikin cibiya a damƙa mata mabuɗi, kamar yadda aka yi da kTLS a Linux tun 2017. Gani da shela sun sake haɗuwa, amma cibiya ta ƙara nauyi, kuskure a cikinta kuma yana iya kayar da na'urar baki ɗaya, saɓanin kuskuren farfajiya da ke tsayawa a kan manhaja guda.

Babu ɗaya daga cikin ukun da ta kore sauran. Kowace amsa ce ga tambayar wa za a amince wa, kuma har zuwa ina.

Abin da fiƙihu ya tanada

Musulunci ya fuskanci matsalar sanarwa tun farkon zaman Madina. Ingantattun ruwayoyi sun nuna cewa da farko Musulmi kintatar lokacin salla suke yi su taru, babu mai kira. Aka yi shawara, aka ambaci kuge da ƙaho da hura wuta, ba a tsaya a kan ko ɗaya ba, har Abdullahi ɗan Zaidu, Allah ya yarda da shi, ya ga kalmomin kiran salla a mafarki, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tabbatar da su ya umarce shi ya koya wa Bilal saboda muryarsa ta fi kaiwa nesa. Tun daga wannan rana aka sauke wa jama'a nauyin duban rana kowa da kansa, aka ɗora shi a kan mutum ɗaya. Shi ya sa hadisi ya siffanta ladani da cewa abin amincewa ne.

Ruwayar Bukhari game da ladanai biyu ta fi kusa da matsalar da ake magana a kai. Bilal yana kira da sauran dare, Ibnu Ummi Maktum yana kira idan alfijir ya keto. Shi na biyun makaho ne, ba ya kira sai an gaya masa asuba ta yi. Malamai suka ciro hukunci daga nan cewa kiran sallar makaho ya inganta muddin yana da amintaccen mai sanar da shi lokaci. Ma'anar wannan ita ce shari'a ba ta sharɗanta mai shela ya zama shi ne mai gani ba. Abin da ta sharɗanta shi ne sarƙar da ke tsakaninsu ta zama ingantacciya.

Ingancin sarƙa kuwa malaman hadisi sun rataya shi a kan abu biyu: adalcin mai ba da labari, wato ba ya ƙarya da gangan, da kiyayewarsa, wato ba ya yawan kuskure ko mantuwa. Idan sun cika, labarin mutum ɗaya ya isa a yi aiki da shi. Imam Shafi'i, wanda ya rasu a shekara ta 204 bayan Hijira, ya kafa hujja a Risala da mutanen Ƙuba, waɗanda mutum ɗaya ya zo musu da labarin sauya alƙibla suna cikin sallar asuba, suka juya zuwa Ka'aba nan take. Idan adalci ya yi rauni, aya ta 6 ta Suratul Hujurati ta wajabta bincike kafin aiki da labarin, ta kuma faɗi dalili: gudun a cutar da wasu mutane cikin rashin sani a dawo ana nadama.

Malamin Malikiyya na Masar, Shihabuddin Alƙarafi, wanda ya rasu a 684 bayan Hijira, ya buɗe littafinsa Alfuruƙ da bambancin ruwaya da shaida. Ruwaya labari ne a kan al'amari na gama-gari wanda bai keɓanci wani mutum ba, don haka mutum ɗaya ya wadatar. Shaida kuwa tana ɗora hukunci a kan wani ayyananne, akwai yiwuwar gaba ko son zuciya, don haka aka nemi adadi. Ya ambaci wasu labarai da suka ɗebo daga ɓangarorin biyu, daga ciki har da ganin watan Ramadan. A mazhabar Maliku wata yana tabbata da adilai biyu ko da jama'a mai yawa da ba za su haɗu a kan ƙarya ba. A Najeriya masu gani suna warwatse a garuruwa da ƙauyuka, rahotanninsu suna bi ta hannun sarakuna da kwamitin ganin wata, shela kuma tana fitowa daga baki ɗaya, na Sarkin Musulmi a matsayinsa na shugaban Majalisar Ƙoli ta Harkokin Addinin Musulunci. Ƙofar kawo labari a buɗe take, ƙofar shela a tsare.

Ma'aunin Alƙarafi, cewa tsananin sharaɗi yana bin girman cutarwar da za ta faɗa wa wani, shi ne ma'aunin da injiniyoyi suka iso gare shi ta tasu hanyar. Da eventfd manhaja kanta take tayarwa, ko wanda ta miƙa wa igiyar da hannunta. Idan ta yi ƙarya kanta ta cuta, saboda haka cibiya ba ta tambayar komai. A tsarin FUSE na Linux kuwa, inda manhajar farfajiya ke tsayawa a matsayin ma'ajiyar fayiloli har tana iya sa cibiya ta tada masu jira, ana iya cutar da baƙo ta hanyar riƙe shi cikin jiran da ba ya ƙarewa. Don haka bisa asali ba a barin kowa ya shiga irin wannan ma'ajiya sai wanda ya kafa ta, sai in mai kula da na'ura ya ba da izini na musamman.

Sanarwa ba ta ɗauke dubawa

Littafin jagorar Linux ya yi gargaɗi ƙarara cewa select yana iya cewa kafa ta shirya, a je karantawa a tarar babu komai, misali idan ƙunshin ya iso aka gano ya lalace aka zubar. Saboda haka ƙwararren mai rubuta manhaja yana ɗaukar sanarwa a matsayin dalilin dubawa, yana kuma shirya abin da zai yi idan ya tarar wayam.

Sanarwa iri biyu ce a epoll. Akwai mai nanatawa muddin akwai abin da ba a karanta ba, akwai mai faɗa sau ɗaya a lokacin da hali ya sauya. Ta biyun ta fi sauƙi ga cibiya, amma tana ɗora wa manhaja wajibin kwashe duk abin da ya taru kafin ta koma barci. Idan ta bar saura, tana iya kwanciya jiran kiran da ba zai zo ba alhali saƙon yana gabanta. Fiƙihu ya san wannan bambanci. Kiran salla sau ɗaya ake yi idan lokaci ya shiga, wajibcin salla kuwa yana nan a wuyan mutum har ya sauke. Wanda barci ya kwashe bai ji ladani ba babu zunubi a kansa, amma zai yi sallar da zarar ya farka. Lokaci ne sababin wajibci, kira alama ce kawai. Wanda ya ɗauki alama a matsayin sababi zai zaci rashin jin kira ya sauke masa nauyi.

Yawan sanarwa shi ma illa ne. A 1996 Jeffrey Mogul da K. K. Ramakrishnan sun nuna yadda na'ura kan shagala da amsa ƙararrawar isowar ƙunshi har ta kasa sarrafa ko ɗaya. Maganin da Linux ya ɗauka shi ne gauraya hanyoyin biyu: ƙunshin farko ya buga ƙararrawa, daga nan a kashe ta a koma leƙe har cunkoso ya lafa. Haka nan idan ma'aikata da yawa suna jiran kafa ɗaya aka tashe su duka saboda aikin mutum ɗaya, ƙarfi ya tafi a banza, shi ya sa aka ƙara wa epoll zaɓin taƙaita waɗanda ake tayarwa a 2016. Kyakkyawar sanarwa ita ce wadda ta isa ga wanda abin ya shafa, a lokacin da zai iya yin wani abu a kai.

Birnin Gwari: labari a bakin daji

Ƙaramar hukumar Birnin Gwari tana yammacin Jihar Kaduna, faɗinta ya haura murabba'in kilomita 6,000, tana iyaka da jihohin Zamfara da Katsina da Neja. Gundumomin Magajin Gari uku suna cikin gundumominta goma sha ɗaya, tare da irin su Kuyello da Dogon Dawa da Kakangi da Randagi. A ƙasarta dajin Kamuku yake, wanda aka mayar gandun daji na ƙasa a 1999, mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 1,120, yana manne da dajin Kuyambana na Zamfara. A shekarun da 'yan bindiga suka addabi yankin, labari ya zama abin da rai ya rataya a kansa. Direban da zai bi hanyar Kaduna ta Udawa da Buruku yana son sanin ko hanya ta yi kyau, manomi yana son sanin ko gona za ta shigu, mai gari yana son sanin inda aka ga ayarin babura.

Rabon aikin a nan ma uku ne. Masu gani su ne manoma da makiyaya da direbobi da 'yan sa-kai. Masu shela su ne masu unguwanni da dagatai da hakimai a ƙarƙashin masarauta, da limamai, da jami'an tsaro. Masu jira su ne sauran jama'a. Wayar hannu ta rusa shingen da ke tsakanin rukuni na farko da na biyu, duk mai kati ya zama mai shela. Alherin wannan a fili yake, domin gargaɗi yana riga babur isa ƙauye. Sharrinsa kuma kashi uku ne. Jita-jita tana iya tayar da gari cikin dare a kan abin da babu shi, idan kuma aka yawaita haka sai kunne ya gaji, ranar gaskiya a ƙi tashi. Na biyu ya fi muni: layin da ke kai gargaɗi gari shi ne ke kai wa daji labarin wanda ya sayar da amfanin gona. Ga kuma zargin zama infoma, wanda shaida ce a kan ayyanannen mutum amma ake yaɗa shi kamar ruwaya, daidai abin da ayar Hujurati ta yi kashedi a kai.

A farkon Satumban 2021 aka katse layukan sadarwa a Zamfara, a ƙarshen watan kuma gwamnatin Kaduna ta Malam Nasiru El-Rufa'i ta sanar da ɗauke sabis a wasu sassan jihar, har da Birnin Gwari, tare da hana hawa babura, bayan an riga an dakatar da kasuwannin mako a yankin. Hujjar ita ce raba 'yan bindiga da masu ba su labari. A ƙarshen Nuwamba gwamnati ta sanar da janye matakin katse layin. Wannan mataki amsa ce ta ƙarshe ga tambayar amana: tun da an kasa rarrabe amintacce da maha'inci, a rufe bakin kowa. Masu goyon baya suka ce kare rai yana gaba da sauƙin sadarwa, kuma tunkuɗe ɓarna ana gabatar da shi a kan janyo amfani. Masu suka suka ce ƙauyen da aka kai wa hari ya rasa hanyar neman agaji, mutane sun koma tafiya mai nisa a kan hanya mai hatsari don su sami inda za su buga waya. Duka ɓangarorin biyu da kare rai suke kafa hujja, saɓaninsu a kan wace ɓarna ce ta fi girma.

Hukuncin shiru

Mai jiran sanarwa yana da rauni ɗaya da mai leƙe ba shi da shi: ba ya iya bambance shirun lafiya da shirun yankewar hanya. Manhajar da ke barci a epoll ba za ta taɓa sanin cewa wancan ɓangaren ya mutu ba idan babu abin da ya iso. Saboda haka kowane tsarin jira yana tafe da wa'adi. A TCP akwai ɗan saƙon tambayar lafiya, wanda bisa al'ada ba a aika shi sai bayan shirun awa biyu. A QUIC ɓangarorin biyu suna faɗin wa'adin shirunsu tun a farkon haɗi, a ɗauki mafi gajarta, idan ya cika a ɗauka haɗin ya mutu.

Fiƙihu yana da ƙa'idar cewa yaƙini ba ya gushewa da shakka, abin da aka sani yana nan a yadda yake har dalili ya zo. Amma malamai ba su bar wannan ƙa'ida ta zama kurkuku ba. Matar da mijinta ya ɓata babu labarin rayuwarsa ko mutuwarsa, a mazhabar Maliku, bisa hukuncin Sayyidina Umar, tana kai ƙara ga alƙali, a yi cigiya, idan an rasa labari a yanka mata shekara huɗu, sannan ta yi takaba ta wata huɗu da kwana goma. Matakan suna da tsari: cigiya tukuna, sannan wa'adi, kuma hukuma ce ke yanka shi. A yankin da aka sha ɗauke mutane zuwa daji, wannan babi ya fita daga littafi ya shigo gidaje. Darasinsa shi ne shiru yana da hukunci, kuma dole a san tsawonsa kafin a shiga jira. Tawakkali bai saɓa wa wannan ba, domin umarnin da aka ba mai raƙumi a hadisi shi ne ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah.

Inda kamanni ya tsaya

Cibiya tana iya tantance izini: wace manhaja ce ke riƙe da wace kafa, wa aka yarje wa ya ja wace igiya. Ana iya gwada kiyayewar manhaja ta hanyar jarrabawa da bin sawun kurakurai. Adalci kuwa ba ya gwaduwa a na'ura, domin manhaja ba ta da niyya, ba ta da lada ko zunubi. Idan sanarwa ta yi ƙarya ko ta makara, alhakin yana komawa ga mutanen da suka rubuta ta, da waɗanda suka ba ta izini, da waɗanda suka dogara da ita ba tare da wa'adi ba.

Alhakin ya rabu gida uku. Mai gani ya faɗi iyakar abin da ya gani, ya bambance shi da abin da ya ji ko ya zata. Mai shela ya san daga wa yake karɓa, ya tsananta bincike gwargwadon cutarwar da labarin zai jawo wa wani, kada kuma ya riƙe labarin gaskiya har amfaninsa ya wuce. Mai jira ya duba idan an tashe shi, ya kuma ƙayyade tsawon shirun da zai sa ya tashi ya bincika da kansa. Faɗaɗa tsarin sanarwa, a cibiyar kwamfuta ko a tsakanin gari da ƙauyukansa, yana ƙara yawan mutanen rukuni na farko ne, ba ya rage wa sauran biyun komai daga nauyinsu. Wanda zai yanke hukuncin wa za a shigar cikin masu kawo labari kuwa, a manhaja masu kula da cibiya ne bayan muhawara a bainar jama'a, a gari kuma shugabanni ne bayan shawara da waɗanda abin zai shafa.